Sunan kaka a jikin kwalba, kuɗin wani a cikin ganga

Ranar 7 ga Nuwamba 1996, da rana tsaka, wuta ta tashi a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan ajiya na kamfanin Heaven Hill mai yin burbon, wato wani nau'in wuskin Amurka, a gefen garin Bardstown da ke jihar Kentucky ta Amurka. Ranar ana iska mai ƙarfi. Ɗakunan ajiyar a kan tudu suke, ita kuwa matatar da ake dafa barasar tana can ƙasa a gangare. Da gangunan katako suka fara fashewa, sai wuskin ya kama malala yana ci da wuta, ya bi gangaren kamar ruwan kwari, ya cinna wa ɗaki na gaba, na gaba ya cinna wa na gaba, har ya isa matatar. Ɗakuna bakwai suka ƙone da ganga wajen 90,000. Ba a rasa rai ba, amma kamfanin ya wayi gari ba shi da tukunyar da zai dafa ko da cokali ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na fara da wannan labari. Kwalaben Heaven Hill ba su ɓace daga kanti ba. Abokan hamayyarsa, irin su Jim Beam da Brown-Forman, suka riƙa dafa masa a tukwanensu bisa ƙa'idar haɗinsa, har zuwa 1999 da ya sayi wata matata mai suna Bernheim a birnin Louisville. Mai saye bai ga wani sauyi a jikin kwalba ba: suna na nan, tambari na nan. Wato a wannan sana'a, wanda sunansa ke jikin kwalba daban, wanda ya hura wutar tukunya daban, kuma doka ba ta hana ba. Duk wanda ke son ya gane abin da ake nufi idan an ce "burbon na musamman daga matatar iyali", daga nan ya kamata ya fara.

Kafin in yi nisa: hukuncin barasa a wurin Musulmi ba ya buƙatar sharhi daga gare ni, kuma ban rubuta wannan don kwaɗaita wa kowa ba. Abin da ya ja hankalina kasuwancin ne, domin da wuya ka sami wata haja da ke nuna a fili yadda ake sayar da haƙuri da labari a matsayin kaya. Su kansu mutanen Kentucky ba bakinsu ɗaya ba a kan abin. Jiha ce ta Kiristoci 'yan ɗariƙar Baftis masu ƙyamar giya, kuma an daɗe ana samun ƙananan hukumomin da doka ta hana sayar da ita a cikinsu, alhali ga ganguna nan jibge a maƙwabta.

Burbon wuski ne, amma ba kowane wuski ne burbon ba. A 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin kayan da ya keɓanta da ƙasar, kuma dokar tarayya ta gindaya masa sharuɗɗa. Dole a yi shi a Amurka, ko da ba a Kentucky ba. Dole masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin. Sauran yawanci tsiron sha'ir ne da wani dangin alkama da suke kira rye, ko alkamar kanta. Farkon aikin ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda ake burukutu: a niƙa, a dafa, a zuba yis a bar shi ya tashi na 'yan kwanaki. Inda suka rabu shi ne sai a sake ɗora ruwan a tukunyar jan ƙarfe, a tare tururin, a sanyaya shi ya koma ruwa fari fes. Doka ta ce ƙarfin sa maye a wannan mataki kada ya wuce kashi 80, lokacin durawa a ganga kada ya wuce 62.5, a kwalba kuma kada ya gaza 40. Ba a ƙara kala, ba a ƙara ƙamshi. Ruwa kawai aka yarda a surka da shi.

Sharaɗin da ya fi kowane tasiri shi ne na ganga. Dole ta zama sabuwa, ta icen oak, kuma an babbake cikinta. A wurin masu haɗa ganguna za ka ga an jera su babu murfi, a sakar musu harshen wuta ta ciki na ƙasa da minti ɗaya, sannan a kashe da ruwa. Idan babbakar ta yi ƙarfi, cikin katakon yakan tsattsage ya yi baƙi ƙirin, shi ya sa suke kiransa fatar kada. Ƙarƙashin wannan gawayi akwai wani siririn layi inda zaƙin icen ya narke ya yi ja. Da zafi ya shigo, ruwan yakan kumbura ya kutsa cikin katako. Da hunturu ya zo, ya janye ya fito da kala da ɗanɗano. Duk jan da ake gani a kwalba daga icen ya fito. Gangar da ke saman bene a ɗakin ajiya, inda zafi ya fi, ba ta fitowa daidai da ta ƙasa ko da rana ɗaya aka dura su. Kuma tunda sau ɗaya kawai doka ta yarda a yi burbon a ganga, tsofaffin sai a sayar wa masu wuskin Scotland da Ireland, har da masu yajin Tabasco. Dusar da ta rage kuwa ta shanun maƙwabta ce.

To nan ne lissafi ke shigowa. Ganga ɗaya tana cin galan 53, kimanin lita 200. Mai matata ya sayi masara, ya sayi ganga, ya biya ma'aikata da wuta yau, amma ba zai ga sisi ba sai bayan shekaru. Kafin a kira shi "tsantsa" a doka sai ya shekara 2, idan kuma bai kai 4 ba dole a rubuta shekarunsa a kwalba. Masu tsada sukan kai 8, 12, har 20. A duk shekara wani kaso na ruwan yana bin iska ta jikin katako, abin da suke kira rabon mala'iku, kalmar da ba ta yi wa kunnen Musulmi daɗi. Gangar da ta haura shekara 20, da wuya a sami sulusin abin da aka dura mata. Ga kuma haraji: Kentucky ta daɗe tana karɓar kuɗi duk shekara a kan kowace gangar da ke kwance, sai a 2023 aka yi dokar janye shi sannu a hankali har zuwa 2043. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau da ya saya da kaka ya ajiye zuwa bazara ya san wannan fargaba, sai dai shi watanni yake jira. Mai burbon kuwa yana yin caca ne a kan abin da mutane za su so sha bayan shekara goma.

A ganina wannan ne kaɗai wurin da kalmar "iyali" ke da nauyi na gaske. Kamfanin da hannun jarinsa ke kasuwa yana ba da bahasi duk bayan wata uku, kuma manajan da ya cika ɗakin ajiya yau wataƙila ba shi ne zai ci ribar ba. Iyali kuwa suna iya cewa mu dura, jikoki su sayar. Heaven Hill misali ne. 'Yan'uwa biyar na gidan Shapira, Yahudawa masu kantunan tufafi waɗanda ba su san komai game da dafa wuski ba, su ne suka zuba kuɗi a 1935, suka ɗauko masu dafawa daga zuriyar Beam. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da matasan Amurka suka juya wa burbon baya suka koma vodka da sauran fararen barasa, manyan kamfanoni sun yi ta rufe matatu suna zubar da tsofaffin sunaye. Gidan Shapira suka zauna daram, suna sayen sunayen da wasu suka yar da arha. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Yau kamfanin na cikin mafiya girma, har yanzu kuma a hannun zuriyar yake. Sai dai lura: na iyali ne, amma ba ƙarami ba ne, yana da ganguna sama da miliyan ɗaya a kwance. Kuma zaman na iyali bai hana ma'aikatansa yajin aiki na mako shida a 2021 ba.

Akasarin sunayen da mutane ke ɗauka na iyali ne, sun daɗe da canza hannu. Jim Beam yana alfahari da zuriya ta bakwai da ta takwas, Fred Noe da ɗansa Freddie, kuma gaskiya ne jinin Jacob Beam ne wanda ya fara sayarwa a 1795. Amma kamfanin ya bar hannun dangin tun tsakiyar ƙarni na 20, kuma a 2014 Suntory na Japan ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 16. Maker's Mark, mai jan kakin nan a wuyan kwalba wanda matar mai gidan, Margie Samuels, ta ƙirƙiro, an sayar da shi tun 1981. Jikanta Rob Samuels na nan yana jagoranci, amma a ƙarƙashin Suntory. Wild Turkey na Campari ne na Italiya tun 2009, Jimmy Russell da ya fara aiki can a 1954 kuwa ma'aikaci ne, ba mai gida ba. Abin dariya, shi kansa Suntory kamfanin iyali ne, sai dai iyalin na Japan ne. Ba ina cewa waɗannan mutane 'yan amshin shata ba ne, sun san aikinsu ciki da bai. Amma fuskar da ake nunawa a talla daban, aljihun da riba ke shiga daban.

Me ya sa gidaje kaɗan ne suka tsira? Dokar hana barasa ta 1920 zuwa 1933 ita ta yi musu kisan mummuƙe. Kamfanoni shida kacal aka ba lasisin sayar da wuski a matsayin magani, da takardar likita. Cikinsu akwai Brown-Forman, wanda George Garvin Brown ya kafa a 1870 kuma har gobe zuriyarsa ce ke riƙe da rinjayen ƙuri'a a cikinsa. Sauran suka rufe, da aka ɗage dokar kuma wanda ke son komawa sai ya nemo masu jari, mai jari kuwa shi ke da magana. Don haka idan ka ga kwalba ta ce "tun 1800 da kaza", ka tambayi abin da ya faru a waɗancan shekaru goma sha uku.

Akwai kuma waɗanda labarin iyalin ba ya ambata. Kentucky jihar bauta ce, kuma bayi baƙar fata sun yi aikin noma masarar, haɗa ganguna da kula da tukwane. Elijah Craig, limamin cocin Baftis da ake yi wa kirari da uban burbon ba tare da wata ƙwaƙƙwarar hujja ba, mai bayi ne. A maƙwabciyar jiha Tennessee, sai a 2016 kamfanin Jack Daniel's ya fito fili ya karɓi cewa wani bawa mai suna Nathan Green, da ake kira Nearest, shi ya koya wa Jack Daniel sana'ar. Sunayen da suka hau kwalba na masu gona ne, masu hannu a aikin kuwa akasari ko a takarda ba su shiga ba sai a jerin dukiyar gado.

Yanzu ga sababbin shiga. Daga wajen 2010 kasuwar burbon ta sake tashi, ƙananan matatu suka yi ta ɓullowa har suka haura 2,000 a faɗin Amurka. Dokar haraji ta 2017 ta ƙara musu ƙaimi, ta sauke harajin tarayya daga dala 13.50 zuwa 2.70 a kan kowane galan, cikin galan 100,000 na farko. Amma wanda ya buɗe matata bana, me zai sayar baɗi? Hanya uku ce. Ko ya yi fararen barasa irin su vodka da gin waɗanda ba sa buƙatar jira, ko ya dura a ƙananan ganguna don kala ta fito da wuri, ya sayar da ɗanye da tsada, ko kuma ya sayo daga wani ya liƙa sunansa. Ta ukun ta fi yawa. A garin Lawrenceburg na jihar Indiana akwai wata ƙatuwar matata, tsohuwar mallakar Seagram, yanzu ta kamfanin MGP, wadda ta shayar da ɗimbin sunayen da ke kiran kansu na gargajiya. Mutum zai sayi kwalba uku masu labarin kakanni uku daban-daban, ashe duk daga tukunya ɗaya suka fito.

Kalmomin da ake ƙawata kwalba da su, irin su "aikin hannu" da "ƙaramin dahuwa", doka ba ta fassara ko ɗaya ba. An kai Maker's Mark kotu kan "aikin hannu", alƙalai suka yi watsi da ƙarar a 2015, bisa cewa babu mai hankalin da zai ɗauki kalmar a zahirinta. A shekarar ce kuma Templeton, mai wuskin rye da ke tallar cewa haɗinsa na zamanin dokar hana barasa ne daga wani ƙaramin gari a Iowa, ya sasanta da masu ƙara, ya cire wasu kalaman ya rubuta cewa a Indiana aka dafa. Wanda ya san kan abin, bayan kwalba yake juyawa. Ƙananan haruffan can su ke faɗin ko mai sunan shi ya dafa ko durawa kawai ya yi, da jihar da aka dafa. Tambarin da ya fi kowane tsauri kuwa tsoho ne, na dokar 1897, wadda aka yi lokacin da 'yan algus ke rina farar barasa da ruwan taba da sauran tarkace su kira ta wuski. Dokar ta ce matata ɗaya, kakar aiki ɗaya, aƙalla shekara 4 a ɗakin ajiya mai sa idon gwamnati, ƙarfi kashi 50 cif. Ta riga dokar tsaftar abinci da magani ta Amurka da shekara tara.

Sai dai kada a ɗauka saye daga wani laifi ne. Gidan Willett, nan Bardstown, ya daina dafawa tun farkon shekarun 1980. Surukin gidan, Even Kulsveen ɗan asalin Norway, ya karɓi wurin a 1984, ya shafe kusan shekara talatin yana sayen gangunan da manya suka rasa yadda za su yi da su, yana zaɓe yana haɗawa yana durawa. Da wannan ya yi suna, sai a 2012 'ya'yansa suka sake hura tukunyar gidan. Sanin wace ganga ce ta nuna, wace ce ta wuce gona da iri har ta koma ɗacin katako, shi ma ilimi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne a sayo a ɓoye, a ƙirƙiro kakan da bai taɓa wanzuwa ba.

Babu inda labari ya fi kayan tsada kamar a Pappy Van Winkle. Julian Van Winkle, da ake kira Pappy, ya buɗe matatar Stitzel-Weller a 1935. A 1972 masu hannun jari suka tilasta wa ɗansa sayar da ita, aka bar gidan da suna ɗaya tal ba tukunya. Jikan, Julian na uku, ya yi shekaru yana fama, yana sayen tsofaffin gangunan da ba mai so, domin a lokacin ba wanda ke ganin darajar burbon mai shekara 20. Tun 2002 matatar Buffalo Trace, ta kamfanin Sazerac, ke dafa musu. Yau kwalbar da kamfanin ya sa wa farashin 'yan ɗaruruwan daloli tana kaiwa dubbai a hannun 'yan bayan fage. A 2013 aka gano an sace katan 65 daga matatar, daga bisani bincike ya kai ga wani ma'aikacin cikin gida. A 2023 kuma aka kama manyan jami'an hukumar barasa ta jihar Oregon suna karkatar da kwalaben zuwa ga kansu. Ƙarancin da ya jawo wannan hauka ba dabarar talla ba ce tun asali: abin da aka dura shekara ashirin baya, lokacin da kasuwa ta mutu, shi kaɗai ke akwai, kuma kuɗi ba ya sa ganga ta tsufa da wuri.

Wannan jinkiri shi ne yanzu ya juyo da ɗaya fuskar. Ganin ana rububi, kowa ya faɗaɗa tukunya ya gina ɗakunan ajiya, har da masu zuba jari da suka riƙa sayen ganguna kamar masu sayen filaye. Ƙungiyar masu matatun Kentucky ta ce gangunan burbon da ke kwance a jihar sun haura miliyan 16 a farkon 2025, a jihar da mutanenta kimanin miliyan huɗu da rabi ne. Suna shirin nuna ke nan sai masu sha suka ja baya. Binciken jin ra'ayin jama'a na cibiyar Gallup na 2025 ya nuna kashi 54 cikin 100 na manyan Amurkawa ne ke cewa suna shan barasa, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara tambayar a 1939. Ga rikicin harajin kwastan: a 2018 Tarayyar Turai ta ɗora kashi 25 a kan wuskin Amurka don ramuwar harajin ƙarafa, aka sha fama kafin a dakatar da shi, sai kuma a 2025 lardunan Kanada suka kwashe barasar Amurka daga kantuna gaba ɗaya. Brown-Forman ya rage kashi 12 na ma'aikatansa ya rufe masana'antar gangunansa ta Louisville. Jim Beam ya sanar da dakatar da dahuwa a babbar matatarsa ta Clermont na tsawon 2026.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Babba yana iya kashe tukunya shekara guda ya ci daga ajiya. Ƙaramin da ya ci bashin banki ya jingina gangunansa, idan darajar ganga ta faɗi, jinginar ce ta faɗi, banki kuwa ba ya jiran wuski ya nuna. Ga wani ƙulli kuma: tsarin da aka kafa bayan 1933 a yawancin jihohi ya raba mai yi da mai rarrabawa da mai kanti, don haka ƙaramar matata ba ta isa kanti sai ta hannun dillali, dillalin kuwa ya fi kula da wanda ke cika masa mota. Shi ya sa da yawansu suka dogara da masu yawon buɗe ido, da ɗakin biki, da sayar da riga da hula, kuma tuni wasu suka rufe. Waɗanda suka yi suna sosai sukan ƙare a hannun manya, kamar yadda Bacardi ya sayi Angel's Envy a 2015, sunan iyalin Henderson ya ci gaba da zama cikin labarin kwalbar.

Gidan Shapira kuwa, a tsakiyar wannan koma-baya ne suka buɗe sabuwar matata a Bardstown cikin 2025, karo na farko da suka sake dafawa a garin tun ranar gobarar nan. Max Shapira, wanda ke cikin shugabannin kamfanin lokacin da wutar ta ci, ya riga ya miƙa ragamar yau da kullum ga 'yarsa Kate da mijinta Allan Latts. Gangar da suka fara durawa a sabon wurin, idan suna so su rubuta mata shekara 12 a jikin kwalba, sai 2037.